Tarin da ya ƙi jin maganin tibi: me gwajin PCR ke ganowa?

A Kano, mai tarin da ya wuce mako biyu akan tura shi gwajin tibi, kamar yadda ake yi a Asibitin Murtala da ke Ƙofar Mata. Amma wani ya shanye magani na wata shida, tari da ramewa suna nan. Wani lokaci funfuna ce, dangin mai haddasa makero, ta yi gida a huhu.

Funfunar Aspergillus, wadda ke zaune a ƙura da hatsin da ya ji danshi, tana shiga kogon da tibi ya bari a huhu. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin funfuna 19 masu barazana, ta sa ta cikin huɗu mafi haɗari.

A tsohon gwaji, shuka majina ko jini ake yi a jira ƙwayar ta tsiro: kwanaki, wani lokaci makonni. Pneumocystis, wata funfuna mai kama masu cutar ƙanjamau, ba ta ma tsirowa. Shi PCR ƙwayar halittar funfunar yake nema, ya ninka ta sau miliyoyi har na'ura ta gane ta cikin sa'o'i. Haka na'urar GeneXpert ke gano tibi.

Sai dai gwajin PCR yana da tsada, yana son tsayayyiyar wuta, kuma yakan nuna funfunar da ke zaune lafiya ba ta cutarwa. Shi ya sa likita ke haɗa shi da hoton ƙirji da gwajin jini.

Wanda tarinsa ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ya koma asibiti ya nemi a duba masa funfuna.