Yadda Ake Raba Gaɓoɓin Harɗaɗɗun Sunaye

Matafiyin da ya bar Jalingo ya ratsa Iware zai isa Mutum-Biyu, garin da sunansa harɗaɗɗe ne, wato kalmomi biyu masu ma'ana guda. Gaɓoɓinsa huɗu ne: mu-tum-bi-yu.

Gaɓar Hausa iri uku ce: baƙi da gajeren wasali, baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, sai baƙi-wasali-baƙi. Ba ta farawa da wasali, shi ya sa Bahaushe ke furta hamza a farkon Iware.

Karan-ɗori kuwa shi ke tsare ma'ana a rubuce: "dafa duka" umarni ne, "dafa-duka" abinci. Haka lamarin yake a harshen Norwe, inda ake haɗe kalmomin: "røykfritt" ya hana shan taba, "røyk fritt" ya halatta shi.