Tattaki Daga Bauchi Zuwa Magangarar Ruwa Ta Kurra

Idan aka yi wa mutumin Bauchi zancen yawon buɗe ido, abin da zai fara zuwa masa a rai shi ne Yankari da ruwan ɗumi na Wikki. Wannan ba abin mamaki ba ne, domin tun 1962 aka buɗe gandun dajin ga masu ziyara, sunansa kuwa ya kai ƙasashen waje. Amma akwai wani yawon da galibinmu ba mu saba da shi ba, watau mutum ya ajiye mota, ya ɗaura takalmi, ya bi ruwa da ƙafa har ya ga inda yake tsirgowa daga kan dutse. Irin wannan tattaki muka yi ni da abokaina uku a ƙarshen damina, zuwa tafkin Kurra da ke ƙasar Barikin Ladi a Jihar Filato.

Mai karatu zai iya tambaya: ina ruwan Bauchi da ruwan Filato? Amsar tana cikin tarihi, tana kuma cikin ƙasar kanta. Kafin 1926, lokacin da Turawa suka kafa Lardin Filato, ƙasar Jos tana cikin Lardin Bauchi ne, har ma a taswirorin wancan zamani tsaunukan Bauchi ake kiran duwatsun. Ƙaramin jirgin ƙasan nan da ya haɗa Zariya da Jos daga 1914 zuwa 1957 da sunan Bauchi ya yi suna, ko da yake bai taɓa zuwa garin Yakubu ba. Ta fuskar ruwa kuwa, kogin Gongola daga waɗannan tsaunuka ya taso kafin ya ratsa jiharmu, haka nan kogin Bunga wanda ya zama kogin Jama'are a can ƙasa. Ashe ke nan mai noman rani a fadamun Katagum yana cin albarkacin ruwan saman da ya sauka a kan duwatsun Jos.

HAWAN TUDU

Mun bar Bauchi bayan sallar asuba, muka kama hanyar Jos mai tsawon kimanin kilomita 130. Muka wuce gindin dutsen Zaranda, muka bi ta Nabordo da ƙasar Toro har Tilden Fulani. Tun daga nan mutum zai ji iska ta sake, domin Bauchi tana kan tudu mai kimanin mita 600 bisa teku, Jos kuwa ta kai wajen 1,200. Wannan bambanci shi ne asirin magangarun ruwa duka: ruwan da ya sauka a bisa tilas ne ya nemi ƙasa, inda duk ya iske bakin dutse kuwa sai ya tsirgo.

Daga Jos muka bi ta Bukur zuwa Barikin Ladi, sannan muka ratse zuwa Kurra. A hanya mun ga gonakin acca da na dankalin Turawa, an kewaye su da shingen ƙerana, ga kuma ramukan da masu haƙar kuza suka bari, waɗanda ruwa ya cika su suka zama kududdufai.

Kuzar nan ita ce dalilin samuwar tafkin Kurra. Injunan haƙa suna bukatar ƙarfi mai yawa, gawayin kwal kuwa sai an ɗauko shi daga Inugu. Don haka Turawan kamfanoni suka juya ga ruwa. An kafa ƙaramar tashar lantarki a magangarar Kwall a 1923, sa'an nan kamfanin NESCO ya soma aiki a 1929 da gina tasha a Kurra. Dabarar ba ta da wuyar fahimta. Ana datse ruwan damina a bisa tudu ya zama tafki, a janyo shi ta magudana zuwa bakin gangare, a zuba shi cikin manyan bututu, nauyin faɗowarsa ya juya injin da ke ƙasa. Watau garuruwan kuza sun sha wutar ruwa kusan shekara 40 kafin madatsar Kainji ta soma aiki a 1968.

ABIN DA ƘAFA KE NUNAWA

Da muka isa ba mu shiga daji kai tsaye ba. Mun gai da mutanen wurin, muka nemi izini, muka sami wani saurayi ɗan ƙasar ya yi mana jagora. Muka fara bin gefen tafki, ruwa kwance shiru, duwatsu sun kewaye shi, ciyawa ta kai gwiwa. Bayan ɗan lokaci sai hanya ta karkata ta shiga cikin fale-falen duwatsu, tafiya ta koma ta hannu da ƙafa. Tun ido bai ga komai ba kunne ya fara jin rugugi, iska ta yi sanyi, tufafinmu suka soma yin danshi. Gani ya kori ji. Ruwan da muka baro yana kwance kamar ba ya iya kashe kiyashi, ga shi nan ya zama farin kumfa yana dukan dutse, har sai mutum ya ɗaga murya kafin na kusa da shi ya ji.

A nan ne ɗaya daga cikinmu ya kusa jawo mana baƙin ciki. Ya zo da takalmin ofis mai sulɓin ƙasa, ya taka dutsen da gansakuka ta rufe don ya ɗauki hoto, sai santsi ya kwashe shi. Allah ya kiyaye, gurjewar gwiwa kawai ya samu, amma da ya ƙara taku biyu da labarin ya sake. Saboda haka duk mai niyyar irin wannan tafiya ya riƙe abubuwa huɗu. Ya sa takalmi mai kama ƙasa. Kada ya tafi shi kaɗai, ko ba tare da ɗan ƙasa ba. Kada ya yi wanka a gindin magangara, domin ruwan wurin yana juyawa ya danne mutum ƙasa, ko da gwanin iyo ne. Na huɗu, ya dinga duban sama: hadari zai iya zuba a can nesa bisa tudu, rana tana haskawa a inda kake, sai kawai ka ga ƙorama ta cika ta taho. Mafi dacewar lokaci shi ne daga ƙarshen Satumba zuwa Nuwamba, sa'ad da ruwa ke da sauran ƙarfi, hadari kuwa ya ja baya.

Wanda ba ya iya doguwar tafiya yana iya zuwa magangarar Assop kusa da Hawan Kibo, wadda ba ta da nisa da babban titi, ko Matsirga ta kusa da Kafanchan.

AMANAR DA KE WUYANMU

Ba za mu ɓoye wa mai karatu gaskiya ba. Ƙasar Barikin Ladi ta sha fama da tashin hankali, musamman a watan Yuni na 2018 lokacin da aka yi asarar rayuka masu yawa a ƙauyukanta. Wajibi ne matafiyi ya bincika halin da ake ciki kafin ya kama hanya, ya kuma dawo da sauran rana. Wurin da babu zaman lafiya baƙo ba ya zuwa, inda baƙo bai zo ba kuwa mai sayar da abinci da ɗan jagora duk sun yi hasara.

Abu na biyu ya fi shafarmu a gida. Itatuwa da ciyawar kan tudu su ne ke riƙe ruwan sama su sake shi sannu a hankali. Idan aka sare su don itace da gawayi, ruwa zai sauko gaba ɗaya, ya kwaso ƙasa ya jibge a tafki, tafki ya cike da yashi, ƙorama ta ƙafe tun kafin bazara. Wannan doka ɗaya ce a Kurra, da madatsar Gubi wadda garin Bauchi ke sha daga gare ta, da tafkin Maladumba na ƙasar Misau wanda aka sa cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya a 2008. Buhun gawayin da muke saye da araha a kasuwar Muda Lawal yana da wani farashi da famfon gidanmu zai biya nan gaba.

Shi ya sa muke kira ga shugabannin makarantu da ƙungiyoyin matasa na Bauchi da su riƙa fitar da yara irin wannan tattaki. Ba sai an je Filato ba tun farko. A fara da gefen Gubi da gindin Zaranda, a nuna wa yaro inda ruwa ke tasowa da inda yake taruwa. Yaron da ya hau dutse ya ga mafarin ƙorama da idonsa, da wuya ya girma ya sa gatari a itacen da ke bakinta.