Rayuwa da Ciwon Suga Nau'i na Ɗaya a Ƙasar Hausa: Tsakanin Allura, Akushi da Al'ada

Tsakure

Bahaushe yana kiran cututtuka biyu mabambanta da suna ɗaya, wato ciwon suga ko ciwon sukari. Wannan maƙala ta keɓe nau'i na ɗaya, wanda ya fi bayyana a jikin yara da matasa, kuma mai shi ba ya rayuwa sai da allurar insulin. An bayyana yadda ciwon yake, sannan aka bi mai fama da shi cikin harkokinsa na yau da kullum: allura da awon jini, cima, ajiyar magani, azumi, makaranta da aure. Maƙalar ta nuna cewa wani ɓangare na wahalar majinyacin yana tasowa ne daga yadda harshe da al'ada suke fassara alamomin ciwon, don haka manazarta Hausa suna da rawar takawa.

Fitilun Kalmomi: ciwon suga, insulin, cimar Hausawa, magani, al'ada

1.0 Gabatarwa

Idan aka ambaci ciwon suga, abin da yake fara zuwa zuciyar Bahaushe shi ne dattijo mai ƙiba, mai hali, wanda likita ya hana shi shan shayi da sukari. Wannan hoto ya fi dacewa da nau'i na biyu, wanda shi ne ya fi yawa a duniya. Amma akwai yaro ɗan shekara tara da yake ramewa alhali yana cin abinci, yana kwankwaɗar ruwa ba ya ƙoshi, ya kuma koma fitsarin kwance bayan ya daɗe da bari. Shi ma ciwon suga ne yake damunsa, sai dai sababi da magani da haɗarin nasa duk daban ne. Haɗa su a suna ɗaya yakan sa a ba yaron shawarar da ta dace da dattijon, kuma wannan kuskure yana iya kaiwa ga rasa rai cikin 'yan kwanaki.

2.0 Ma'anar Ciwon da Asalinsa

Abinci mai sitaci, kamar tuwo da shinkafa da fura, yana narkewa a ciki ya zama sukarin da ake kira gulukos, ya shiga jini. Kafin wannan sukari ya ratsa cikin tsoka da sauran sassan jiki ya zama ƙarfi, sai da wani sinadari mai suna insulin, wanda wata gaɓa da take kwance a bayan tumbi, da likitoci ke kira fankiriyas, take samarwa. A nau'i na biyu jiki yana samar da insulin, amma bai wadatar ba ko kuma jikin ba ya amsa masa yadda ya kamata. A nau'i na ɗaya kuwa, garkuwar jiki ce take juyawa ta hallaka ƙwayoyin da suke samar da shi, har ya zama babu, ko saura ɗan kaɗan. Saboda haka ba shan zaƙi ne yake kawo shi ba, ba sakacin iyaye ba ne, kuma ba a ɗaukar sa daga wani.

Idan sukari ya taru a jini, ƙoda takan zubar da shi ta fitsari tare da ruwa mai yawa. Daga nan ne yawan fitsari da ƙishirwa suke tasowa, har a ga kiyashi suna taruwa a inda yaron ya yi fitsari. Jikin da ya rasa hanyar amfani da sukari sai ya koma ƙona kitse, abin da yake haifar da rama da kuma taruwar wani sinadari mai tsami da ake kira kiton. Idan kiton ya yi yawa sai amai da ciwon ciki da numfashi mai zurfi su biyo baya, daga nan sai suma. A wuraren da zazzaɓin cizon sauro da taifot suka zama ruwan dare, sau da yawa su ake fara zargi, alhali ɗigon jini ɗaya daga yatsa ya isa ya nuna gaskiya.

Kafin shekarar 1921 wannan ciwo ajali ne. A wannan shekara ce Frederick Banting da Charles Best suka yi nasarar tace insulin a Jami'ar Toronto da ke Kanada, kuma a watan Janairun 1922 aka fara yi wa wani yaro, Leonard Thompson, allurarsa. Ranar 14 ga Nuwamba, ranar haihuwar Banting, ita ce ranar ciwon suga ta duniya.

3.0 Allura da Awon Jini

Ba a haɗiyar insulin, domin ciki zai narkar da shi kamar yadda yake narkar da nama. Ana yin allurarsa ne a ƙarƙashin fata: a ciki, ko cinya, ko damtse, ko ɗuwawu, ana sauya gurbi don kada wurin ya yi kulu ya hana maganin shiga. Akwai mai aiki a hankali, da ake yi sau ɗaya ko biyu a yini, akwai kuma mai saurin aiki da ake yi lokacin cin abinci. Inda kuɗi suka yi ƙaranci an fi amfani da gaurayayye, safe da yamma, wanda yake tilasta wa mai shi cin abinci a ƙayyadadden lokaci. Wajibi ne kuma ƙarfin maganin ya dace da sirinjin, domin akwai mai awo 40 da mai awo 100 a kowace mililita, kuma cakuɗa su yana sa a yi ƙasa ko a wuce kima.

Awon jini shi ne idon majinyaci. Galibi ana son sukarin ya tsaya tsakanin 70 zuwa 180 na miligiram a kowace desilita. Idan ya sauka ƙasa da 70, sai karkarwa da gumi da yunwa da ruɗewa su zo. Maganinsa a nan take shi ne sukari mai saurin shiga jini, kimanin giram 15, wato kamar cokalin shayi uku zuwa huɗu a cikin ruwa, sannan a sake awo bayan minti 15. Wannan yana daga cikin abubuwan da suke ɗaure wa jama'a kai: mai ciwon suga ne, amma ba ya rabuwa da sukari ko alawa a aljihu. Aikin ƙarfi, kamar noma ko ɗiban ruwa ko ƙwallo, yana saukar da sukari, don haka ranar huɗa da ranar hutu ba su zama ɗaya ba wajen abinci da allura.

Wata ƙa'ida da ake yawan saɓa wa ita ce ta ranar rashin lafiya. Idan yaro ya kamu da zazzaɓi ya ƙi cin abinci, iyaye sukan dakatar da allura bisa tunanin cewa babu abin da za ta yi aiki a kansa. Alhali zazzaɓi yakan ɗaga sukari ne, kuma barin insulin gaba ɗaya shi ne hanya mafi sauri zuwa ga taruwar kiton.

4.0 Cima da Ciyayya

Cimar Hausawa ta ginu ne a kan hatsi: koko da safe, fura ko shinkafa da rana, tuwo da dare. Duk waɗannan suna ɗaga sukari, amma wannan ba ya nufin a haramta wa yaro su. Jiki mai girma yana buƙatar abinci. Abin da ake nema shi ne daidaita yawan allura da yawan abin da aka ci. Acca da alkama, waɗanda ake yi wa kallon abincin masu ciwon suga, su ma sitaci ne, kuma sai an lissafa su. Wake da ƙwai da nama da kifi da ganyaye irin su zogale da rama ba sa ɗaga sukari da sauri, yayin da kunun zaƙi da zoɓo mai sukari da lemon kwalba suke ɗaga shi nan da nan.

Matsalar ita ce Bahaushe ba ya cin abinci da awo. Yara sukan kewaye kwano ɗaya ne, kowa ya sa hannu, kuma ba wanda zai iya faɗin loma nawa ya ci. Ware wa yaro nasa kwano yana sauƙaƙa lissafi, amma a gidan da ake da 'yan uba yana iya zama abin zargin fifiko, ko ya sa yaron ya ji an tsame shi daga cikin 'yan uwansa. Haka nan kawaici yana hana saurayi ya ƙi abin da aka kawo masa a gidan baƙunci, kunya kuma tana hana budurwa cin abinci a gaban surukai ko da jikinta ya fara rawa. A nan harshe yana da abin bayarwa, domin akwai ma'aunai da kowace uwa ta sani: malmala, ludayi, mara, dunƙulen fura. Bayanin da aka gina a kansu ya fi saurin shiga fiye da na giram.

5.0 Ajiyar Magani

Insulin da ba a buɗe ba ana ajiye shi a sanyin digiri 2 zuwa 8, ba tare da ya daskare ba. Wanda aka buɗe yakan yi kimanin mako huɗu idan zafin wurin bai wuce digiri 30 ba. A bazara kuwa, zafi yakan haura digiri 40 a garuruwa irin su Sakkwato da Damagaram, ga kuma rashin tsayayyar wutar lantarki. Maganin da zafi ya lalata ba kullum ake gane shi da ido ba. Sai dai a ga ana allura sukari bai sauka ba.

A nan fasahar gargajiya ta yi rana. Randar ƙasa tana sanyaya ruwa ne saboda yadda danshi yake tsattsafowa ta jikinta iska ta ɗauke shi. A kan wannan hikima ce Mohammed Bah Abba, wani malami daga Jihar Jigawa, ya yaɗa dabarar saka tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda ta sa ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Ya yi ta ne don adana kayan lambu, amma irin wannan tukunya, idan aka ajiye ta a inuwa mai iska, tana rage wa insulin zafi a gidan da babu firji.

6.0 Azumi, Makaranta da Aure

Shari'a ta yi wa marar lafiya rangwame a azumin Ramadan, kuma likitoci suna lissafa mai nau'i na ɗaya cikin waɗanda azumi yake da haɗari a gare su. Wanda ya yi niyya duk da haka, ana buƙatar ya ga likita tun kafin watan ya kama, ya yawaita awo, ya kuma karya azumin idan sukari ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300. Abin da ya fi nauyi a zuciyar matashi shi ne idon jama'a, domin wanda aka gani yana ci da rana gori ne yake biyo shi. Kalma ɗaya daga limami a kan mumbari takan sauke wannan nauyi fiye da doguwar nasihar likita.

A makarantar kwana ko ta allo, inda abinci ba ya hannun yaro, dole ne malami ya san halin da ɗalibinsa yake ciki. A wajen aure kuma, tsoron kada a fasa yakan sa iyaye su ɓoye, har amarya ta tare a gidan da ba wanda ya san abin yi idan ta faɗi. Alhali mace mai wannan ciwo tana ɗaukar ciki ta haihu lafiya idan an daidaita sukarinta tun kafin cikin da kuma lokacinsa, kuma mafi yawan 'ya'yan masu ciwon ba sa kamuwa da shi.

7.0 Fassarar Al'ada da Gurbin Manazarta

A tunanin Bahaushe, magani abu ne da ake sha a warke a daina. Maganin da ba shi da ranar ƙarewa yakan zama kamar wanda bai ci sunansa ba, shi ya sa ake saurin karkata ga mai cewa zai raba mutum da ciwon baki ɗaya da saiwa ko sassaƙe. Babu wani tsiro, garahunu ne ko shuwaka ko hulba, da yake maye gurbin insulin a nau'i na ɗaya.

Haka kuma kowace alama ta ciwon tana da fassarar da al'ada ta riga ta tanada. Yaron da yake ramewa ba dalili akan zargi maita ko sammu. Mai fitsarin kwance akan yi masa horo da tsokana. Wanda sukarinsa ya faɗi yana sambatu ko fizge-fizge akan ce iska ce ko farfaɗiya, a tsaya ana hayaƙi, alhali sukari yake buƙata idan yana iya haɗiya. Idan kuwa ya suma, a kwantar da shi ta gefe, kada a ɗura masa komai, a garzaya asibiti. Addu'a ba ta cin karo da ko ɗaya daga cikin waɗannan matakai.

Aikin da yake gaban masana harshe shi ne samar da sunayen da za su raba nau'o'in biyu a bakin jama'a, domin "na ɗaya" da "na biyu" ba sa bayyana komai ga uwar da ke ƙauye. Ana kuma buƙatar tsayayyun kalmomi ga faɗuwar sukari da hauhawarsa, waɗanda likita da ɗan jarida da malamin makaranta za su haɗu a kansu.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa ciwon suga nau'i na ɗaya rashin insulin ne, kuma rayuwa da shi ta rataya ne a kan allura da awo da daidaita abinci a kowace rana. An ga yadda ciyayya da kunya da zafin bazara da fahimtar Bahaushe game da magani suke shiga tsakanin majinyaci da wannan tsari, da kuma yadda wasu kayan al'adar, kamar randa da ludayi, suke taimaka masa. Hausawa sun ce cuta ba mutuwa ba, kuma wannan ya tabbata a kan yaron da aka gane ciwonsa da wuri, aka sama masa magani ba yankewa, mutanen gidansa kuma suka san abin da za su yi idan jikinsa ya fara rawa.