Lambar allon kujera ba ita matuƙi ke tuƙi da ita ba

Na gaji da ganin irin bidiyon nan: fasinja ya ɗauki allon bayan kujera da waya, ya watsa a WhatsApp, wai matuƙi yana ganganci da rayukan bayin Allah. Haka aka yi ta yayatawa a Fabrairun 2020, da wani Boeing 747 na British Airways ya tashi daga New York ya sauka Landan cikin awa 4 da minti 56, gudunsa har ya haura kilomita 1,300 a awa. Aka ce ya wuce gudun sauti. Ko kusa!

Gudun jirgi kala-kala ne. Akwai wanda agogon gaban matuƙi ke nunawa, daga ƙarfin iskar da ke dukan wani siririn bututu kusa da hancin jirgi. Akwai ainihin gudunsa cikin iska, wanda can sama ya fi na agogon yawa don iskar wurin ba ta da kauri. Sai gudunsa bisa doron ƙasa, shi ne na allon kujera.

Na ukun nan haɗin gwiwa ne tsakanin inji da iska. A daren da jirgin British Airways ɗin ya tashi, lokacin guguwar Ciara, iskar saman Tekun Atlantika ta yi ƙarfi sosai, ita ta tura jirgin daga baya, kamar mai kwale-kwalen da ruwa ke ja yana tuƙinsa yadda ya saba. Fukafukai ba ruwansu da ƙasa. Iskar da ke ratsa su kawai suka sani, kuma a cikinta jirgin bai kai gudun sauti ba. Wanda ya nufi New York a daren, iskar nan ya fuskanta, tafiyarsa ta yi tsawo.

Abin tsoro yana jikin bututun nan na kusa da hancin jirgi. A 1996 jirgin Birgenair ya faɗa teku bayan tashinsa daga Jamhuriyar Dominika, mutum 189 suka rasu. Masu bincike sun kyautata zaton zanzaro ne ya gina gida a ciki, agogo ya yi wa matuƙi ƙarya.

Don Allah, kafin ka danna turawa, ka tambayi kanka wane gudun kake kallo. In dawowarka ta fi tafiyarka tsawo, kada ka tsine wa matuƙi, ka tambayi ma'aikatan jirgi ina iska ta dosa. Kada ka tayar wa dattijon da ke gefenka hankali da lambar da ba ka gane ba. Ka ɗaura bel ɗinka ko fitilarsa a kashe take, don a gefen irin iskar nan jirgi kan yi jijjiga ba sallama.