Masaukin Baƙi a Tsakiyar Fadamar Okabango

Yawancin koguna a teku suke ƙarewa. Amma akwai wani kogi a kudancin Afirka wanda bai taɓa ganin teku ba. Sunansa Okabango. Yana tasowa daga tuddan ƙasar Angola, ya ratsa gefen Namibiya, ya shiga arewacin Botsuwana, sa'an nan ya bazu a kan rairayin hamadar Kalahari kamar yatsun hannu. A nan yake mutuwa. Rana da itatuwa su ke shanye kusan dukan ruwan, ragowar kuwa ƙasa ta haɗiye. Amma kafin ya mutu yakan haifi wata ƙatuwar fadama, wadda in ta cika takan kai murabba'in kilomita 15,000.

Abin mamaki shi ne lokacin zuwan ruwan. Damina takan sauka a Angola wajen Janairu da Fabrairu. Da yake ƙasar fadamar shimfiɗe take kamar tabarma, ruwan yakan yi ta rarrafe, har yakan ɗauki wajen wata huɗu kafin ya ci kilomita 250 daga bakin fadamar zuwa garin Maun. Watau sai tsakanin Yuni da Agusta ya cika, daidai lokacin da rani ya kama Botsuwana, ciyawa ta bushe, tafkuna suka ƙafe. Sai namun daji su yi ta kwararowa daga ko'ina: giwaye, ɓauna, jakin dawa, raƙumin dawa, da masu bin su a baya, su zaki da damisa da kura da kyarkeci. Saboda waɗannan ne mutane ke zuwa daga nesa su kwana a cikin fadamar.

Wanda zai je can, daga Maun zai tashi. Masaukai da yawa ba hanyar mota da ta kai gare su in ruwa ya cika, sai ƙaramin jirgin sama mai ɗaukar mutum biyar ko goma sha biyu. Ba a yarda da akwatin ƙarfe ba, sai jaka mai laushi, kuma kada ta wuce kilo 20. Filin saukar jirgin ƙasa ce kawai da aka share a kan tsibiri. Wani lokaci sai matuƙin ya yi shawagi ya sake zagayowa, gama garken barewa ko giwa na tsaye a tsakiyar filin, su kuwa ba su san sauri ba.

Kada mai karatu ya zaci otel ne mai benaye. Tantuna ne, sau da yawa ba su wuce goma ko goma sha biyu ba, an kafa kowane a kan dandamalin katako ƙarƙashin inuwar kanya ko wata babbar itaciya. A ciki akwai gado mai kyau da gidan sauro da makewayi da ruwan wanka, wuta kuma yawanci daga hasken rana ake samunta. An gina su haka da gangan. Ƙasar ba ta mai masaukin ba ce, haya ce ta wasu shekaru, kuma ana so in an tashi a kwashe kome, daji ya koma yadda yake.

Yawancin masaukan nan ba su da shinge. Wannan ne abin da baƙo ya fi daɗewa bai saba da shi ba. Giwa takan zo ta tsaya a gindin itacen da ke bakin tantinka tana cin 'ya'yansa, kai kuwa sai ka zauna ka jira ta gama, ko da abincinka na hucewa. Da zarar rana ta faɗi, doka ce ba wanda zai fita daga tantinsa shi kaɗai. Ma'aikaci zai zo da tocila ya raka ka wurin cin abinci, ya kuma mayar da kai. Dalili kuwa dorina ce. Da rana tana cikin ruwa, da dare takan fito kiwo, kuma in mutum ya shiga tsakaninta da ruwa, ba ta tsayawa jin ba'asi. A gefen gado akan ajiye wani ƙaho mai ƙara domin kiran taimako in abu ya ɓaci. Ba a busa shi don an ji gurnanin zaki. Gurnanin zaki na cikin abin da aka biya kuɗi a ji. Saboda waɗannan abubuwa masaukai da yawa ba su karɓar ƙananan yara, iyali mai niyyar zuwa sai su tambaya tun da wuri. Akwai zazzaɓin sauro kuma, sai a tafi da magani.

Tun da asuba ake tashi. A watan Yuni da Yuli sanyin wurin ya fi na hunturunmu cizo, har akan sa wa baƙo gorar ruwan zafi a cikin bargo. Bayan ɗan shayi sai a fita, ko a mota marar rufi, ko a ƙafa, ko kuwa a kwalekwale. Da hantsi a dawo a ci abinci a kwanta, gama namun ma sun shiga inuwa. Da la'asar a sake fita har faɗuwar rana.

A ganina fita a kwalekwale ta fi kome. Mutanen wurin suna ce masa mokoro. Baƙi biyu su zauna a ƙasa, matuƙi ya tsaya a baya da doguwar gora yana dogara ta a rairayin ƙasan ruwa. Ba inji, ba hayaniya. Ruwan garau yake, domin ciyayi da rairayi sun tace shi. Kana ratsa furannin bado, kana ganin ƙananan kwaɗi manne a jikin ciyawa, ga tsuntsu mai dogayen yatsu yana tafiya a kan ganyen bado kamar a kan hanya. Can kuma ga wata irin mariya ja da ake kira lecuwe, wadda in ta tsorata cikin ruwa take gudu, inda zaki ba ya iya cim mata da sauƙi. Hanyoyin da kwalekwalen ke bi ma dorina ce ta buɗe yawancinsu da jikinta. Tsibirai da yawa kuwa daga suri suka faro: gara ta tara ƙasa, tsuntsu ya yar da iri a kai, itace ya tsiro, ƙasa ta yi ta taruwa.

Ran baƙo yana hannun matuƙin nan. Shi ya san inda dorina ke kwance da inda kada ke shan hantsi, ya kan gane su daga motsin ruwa kafin baƙo ya ga kome. Da yawa daga cikin matuƙan 'yan kabilar Bayei ne, waɗanda kakanninsu suka daɗe suna kamun kifi a wannan ruwa. Dā da gungumen kanya da makamantanta ake sassaƙa mokoro. Da baƙi suka yi yawa aka ga manyan itatuwa za su ƙare, sai aka koma yin su da wata irin roba mai ƙarfi.

Mutanen ƙasar ne da kansu suka fara kare wurin. A shekarar 1963, tun kafin Botsuwana ta sami 'yancin kai a 1966, kabilar Batawana suka ga mafarauta na ƙarar da namun dajinsu. A ƙarƙashin Elizabeth Pulane Moremi, matar marigayi sarkinsu wadda ke riƙon sarauta a lokacin, suka keɓe gabashin fadamar ya zama gandun daji, aka sa masa suna Moremi. A 2014 hukumar UNESCO ta sa Okabango cikin wuraren gadon duniya, shi ne ya cika na 1,000.

Sai dai kwana a nan ba na talaka ba ne. Gwamnatin Botsuwana ta zaɓi baƙi kaɗan masu biyan kuɗi da yawa, maimakon taron jama'a da zai tattake fadamar. A lokacin cikar ruwa akwai masaukan da kwana ɗaya na mutum ɗaya ya wuce dalar Amurka 1,000. Dabarar ta kare dajin, ta kuma ba dubban mutanen yankin aikin yi. Amma mai dafa abinci da mai wankin zanen gado, waɗanda kan yi makonni a daji ba su ga 'ya'yansu ba, albashinsu na wata bai isa ya biya musu dare ɗaya a tantin da suke sharewa ba. Manomin gefen fadama wanda giwa ta cinye masa dawa a dare ɗaya kuwa, ba lallai ya kalle ta da idon da baƙo ke kallonta ba.

Ruwan kansa ma ba na Botsuwana kaɗai ba ne. A 1994 Angola da Namibiya da Botsuwana suka kafa hukumar haɗin gwiwa domin kula da kogin. Bayan shekara biyu, da fari ya tsananta, Namibiya ta yi shirin jan ruwansa da bututu zuwa babban birninta Windhoek, sai da damina ta dawo aka jingine maganar. A 2021 wani kamfanin Kanada ya fara haƙa rijiyoyin neman mai a yankin Kabango na Namibiya, a saman fadamar, abin da ya tayar da hankalin masunta da masu masaukai baki ɗaya. Angola ita ma tana bukatar madatsun ruwa da gonakin rani domin ciyar da mutanenta bayan yaƙin basasar da ya ƙare a 2002, kuma a ƙasarta ne kusan dukan ruwan yake sauka.