Ba kowane zazzaɓi ba ne na cizon sauro

Gaya na cikin yankunan da suka fi samun ruwan sama a Nijar, ga kogin Neja a gefenta, don haka sauro ba baƙo ba ne. Shi ya sa da jiki ya yi zafi sai a ce masassarar cizon sauro ce, a sayi ƙwaya wajen mai talla, a kwanta. Wannan sabo ne ke ɓoye sefsis, wato gubar jini, wadda ke aukuwa idan ƙwayoyin cuta suka shiga jiki ta rauni, ko huhu, ko mafitsara, ko cibiyar jariri, ko mahaifar mai jego, sai garkuwar jiki ta wuce gona da iri har ta lalata ƙoda da huhu da ƙwaƙwalwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2017 mutum kusan miliyan 49 suka kamu, miliyan 11 suka mutu, kuma kusan rabin waɗanda suka kamu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5.

Sefsis tana warkewa idan an ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta da ƙarin ruwa cikin sa'o'in farko, kuma alamunta a fili suke. Babba zai riƙa numfashi sama-sama, ya rikice, fitsari ya ragu, hannu da ƙafa su yi sanyi. Jariri kuwa zai ƙi kama nono, jikinsa ya saki, numfashinsa ya kai 60 a minti ɗaya. Wani jaririn ma jikinsa sanyi yake yi maimakon zafi.

Wani zai ce ƙananan cibiyoyin lafiya ba su da ɗakin awon jini, babban asibitin Dosso kuma yana da nisan kusan kilomita 150 daga Gaya. Gaskiya ne, amma ƙirga numfashi da auna hawan jini ba sa buƙatar na'ura mai tsada, kuma nisan shi ne dalilin tashi da wuri. Wani kuma zai ce gwaji ya nuna masassara. Cututtukan biyu suna iya haɗuwa a jiki ɗaya, don haka wanda ya sha magani amma yake ƙara jigata, a mayar da shi asibiti a ranar. Batun kuɗi ma da sauƙi, tunda dokar Nijar ta 2006 ta sa duba yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta ne, ko da wani lokaci magani na yankewa.

Mai jegon da zazzaɓi ya kama, da jaririn da ya ƙi nono, ba a jira da su gari ya waye.