Daga Potiskum Zuwa Agege: Taswirar Da Ake Gyarawa Kowane Minti

POTISKUM: Duk wanda ya taɓa zaman jiran tirelar shanu a Agege ko Ibadan ya san ƙarin kwana ɗaya a hanya hasara ce. Sa yana ramewa a mota, wani ma ya faɗi, alhali kuwa dillali ya riga ya yi wa mahauta alkawari.

Haka aka gani a watan Yunin 1917 da shekara ɗari, wato 2017, sa'ad da gadar Tatabu ta karye tsakanin Mokwa da Jebba. Motoci suka yi cirko-cirko. Direban da ya yi lodi a Kasuwar Shanu ta Potiskum, in da tsohuwar taswira yake aiki, to ita ba ta san gada ta faɗi ba.

Akwai wata taswirar duniya ta kyauta, sunanta OpenStreetMap, wadda wani Bature, Steve Coast, ya fara a Ingila cikin 2004. Kowa yana iya shiga ya zana hanya ko ya nuna an rufe ta. Duk gyaran yana taruwa a babban kundi guda cikin kwamfuta.

To, yaya gyaran yake isa ga masu kwafin kundin a ƙasashe dabam-dabam? Sau ɗaya a mako akan fitar da kundin ɗungum, amma nauyinsa ya fi ƙarfin ɗauka kullum. Saboda haka kowane minti sai a fitar da abin da ya sake kaɗai, da lambarsa a jere. Mai kwafi ya duba lambar da ya tsaya, ya ɗauki na gaba. Akwai kuma na awa da na yini.

Tamkar maigida ne a Potiskum da wakilinsa a Ikko. Ba ya sake rubuta masa littafin lissafi duka, sai dai ya ce an sayar da biyar, an ƙaro bakwai. Wakili kuwa in ya tsallake saƙo ɗaya, lissafi ya rikice.

Manhajojin waya irin su OsmAnd daga nan suke ɗiba, suna kuma aiki ko babu sabis, muddin direba yana sabunta tasa kafin ya tashi.

Amma fa kundin ba shi da ido. Gadar da ba wanda ya shigar da labarin karyewarta, a taswira tana nan tsaye. Waɗanda suke fara gani kuwa su ne direbobi da yaran mota.